Pikop mai jan tirela jefi-jefi: wane kamshaf za ka saka, ƙarami, matsakaici ko mai rugugi?

Salamu alaikum jama'a. Wannan magana ta canza kamshaf, wato kam, sandar da ke buɗe bawul a cikin inji, ta fara yawo tsakanin masu pikop ɗin Amurka a nan Kumasi, irin su Silverado da Sierra da Ram masu V8 da ake saukewa a Tema, kuma kusan kowa a bidiyo ya fara gani, mota tana tsaye a silo, wato inji na aiki ba a taka totur ba, tana dum-dum-dum jikinta na girgiza, sai mutum ya ce wallahi nima haka nake so tawa ta yi. To ba laifi, kuɗinka ne motarka ce. Amma in har kana ɗaura mata tirela ko da sau ɗaya ne a wata, janareto ne ko injin kwaɓa kankare ko kanofi da kujerun biki ko ragunan layya daga arewa, to ra'ayina tun daga farko shi ne ka zaɓi kam saboda ranar da kaya suka fi nauyi, ba saboda sauran ranakun da kake yawo ba kowa a baya ba. Ranar yawo kowane kam zai kai ka gida. Ranar kaya ce ba kowanne ba.

Kafin mu yi nisa bari mu sallami waɗanda maganar ba ta shafa ba, don su ne ma suka fi yawa a ƙasar nan. In Hilux gare ka mai dizal, ko Navara ko L200 ko D-Max ko Ranger, rabu da kam ɗinka. Injin dizal mai tabo ƙarfinsa daga tabon yake fitowa da kuma yawan man da injekta ke fesawa, canza kam ba zai ba ka abin a zo a gani ba, gara ka gyara injekta ka wanke intakula ka tabbata tabon lafiya yake. Haka mai Tundra 5.7 ko F-150 mai 5.0 na 2011 zuwa sama, waɗannan kam huɗu ne a saman inji kuma kwamfuta ce ke juya lokacinsu da kanta, aikin canza su tsada paa, kuma abin da za ka samu wajen jan kaya bai taka kara ya karya ba. Maganar tamu ta masu kam guda ɗaya ce a tsakiyar inji mai tura bawul da sanda, wato 4.8 da 5.3 da 6.0 na GM, sai Hemi 5.7 na Ram. Lambobin da zan kawo na GM ne amma hankalin ɗaya ne.

Abu na farko buɗe akwatin dashbod na gefen fasinja, akwai wata farar sitika cike da lambobi masu harafi uku-uku. A nan za ka ga wane inji ne da kai da kuma wane bak-aksil. LM7 shi ne tsohon 5.3 na 1999 zuwa wajen 2007, shi ne mafi sauƙin aiki. LY5 ko LMG ko LC9 su ne 5.3 na 2007 zuwa 2013 masu kashe silinda huɗu don tsimin mai, tsarin da ake kira AFM, zan dawo kansu don suna da nasu rikicin. LQ4 kuma 6.0 ne. Bak-aksil kuwa GU6 yana nufin 3.42, GT4 3.73, GT5 4.10, GU4 3.08. Rubuta su ka ajiye, duk mai sayar da kam da bai tambaye ka waɗannan ba kafin ya ce ga wanda ya dace da kai, to kuɗinka kawai yake so.

Kam dai sanda ce mai ƙulle-ƙulle da ke juyawa sau ɗaya duk sanda kiranshaf ya juya sau biyu, kowane ƙulli yana tura bawul ya buɗe. Lambobi uku ake rubutawa a jikin kwali. Na farko tsawon lokacin da bawul ke zama a buɗe, ana ƙirga shi da digiri a inda lifta, wato ɗan ƙarfen da ke bin kan ƙullin, ta ɗaga inci 0.050, shi ya sa za ka ga 212/218, na farkon na shigar iska na biyun na fitar hayaƙi. Na biyu tsayin ɗagawa, kamar .550. Na uku LSA, tazarar da ke tsakanin ƙullin shiga da na fita, kamar 112. Kam ɗin da kamfani ya saka wa LM7 wajen 190/191 yake, ɗagawarsa ba ta kai .470 ba, LSA kuma 114, ɗan ƙarami ne sosai kuma da gangan aka yi shi haka don mota ta tashi da kaya daga tsaye ba gardama.

A cikin ukun nan mutane sun fi kallon ɗagawa saboda ita ce ke kama da ƙarfi a ido, alhali na farkon ne ke sauya halin mota. Dalili shi ne bawul ɗin shiga ba ya rufewa daidai lokacin da fistin ya kai ƙasa, sai fistin ya juyo ya fara hawa sannan yake rufewa. In inji na gudu sosai, 5000 zuwa sama, iskar na shigowa da ƙarfin gaske har ta ci gaba da cusa kanta duk da fistin ya juyo, a nan jinkirin rufewa riba ce. In kuwa inji na tafiya a hankali a 1800, iskar ba ta da wannan ƙarfin, fistin sai ya turo wani kaso ya koma inda ya fito, abin da ya rage a silinda ya ragu, matsi ya ragu, ƙarfin ja ya ragu. Kamar yaron tro-tro ne a Kejetia da yamma, in mutane na turereniya ya bar ƙofa a buɗe mota cika za ta yi, in kuwa da rana ne ba kowa ya bar ta a buɗe har wanda ya zauna ma sai ya sauka ya nemi wata. Kam na kamfani yana rufe bawul wajen digiri 30 bayan fistin ya juyo, mai 212 yana kaiwa wajen 36, mai 228 kuma ya wuce 44. A takarda kamar ba komai, a kan tudu da tirela za ka ji kowane digiri a ƙafarka.

Yanzu tambayar ita ce a wane juyi injinka yake rayuwa in kana jan kaya? Mu yi lissafi da mota mai giya huɗu 4L60E, bak-aksil 3.42, taya 265/70R17. Kana tafiyar kilomita 90 a awa tsakanin Ejisu da Konongo, ka sa ta a giya ta uku kamar yadda ya kamata mai kaya ya yi, inji na wajen 2000. In ka bar ta a ta huɗu ko 1500 ba ta kai ba. Ka zo Nkawkaw za ka hau dutsen Kwahu ta Atibie, kwana a kan kwana ba inda za ka kwaso gudu, kilomita 40 a giya ta biyu inji na wajen 1500, in ta sauko ta ɗaya ya koma 2800. Ka gani ke nan duk rayuwar mai tirela tsakanin 1500 da 3500 take, sai ɗan lokacin da ka taka ta har ƙasa za ka wuce wata atikuleta ta leƙa 4500. Dokin da ake tallatawa a kwali kuwa a 6000 yake zaune. Yaushe rabonka da ka ga allurarka a 6000?

To mu ɗauke su ɗaya-ɗaya. Ƙaramin aji shi ne wanda shigarsa ke tsakanin 200 da 208, misali 206/212 a LSA 112, ɗagawa .500 zuwa .550. Wannan shi ne na mai kaya na gaskiya. Silo ɗinsa kusan kamar na kamfani, wanda bai sani ba ba zai gane an taɓa motar ba sai dai ya ji muryar salansa ta ɗan yi kauri, konbatarka ta asali, wato abin da ke haɗa inji da giyabos a mota mai otomatik, ta isa, birki bai san an yi komai ba, a ƙasa ba ka rasa wani abin da za ka ji ba kuma daga 2500 zuwa sama motar tana buɗewa, wucewar manyan motoci a hanyar Accra ta zama ba fargaba. Aibinsa ɗaya ne, ba ya burge kowa a bakin masallaci. Ka kashe kuɗi ka fito abokai su ce Alhaji ina kam ɗin da ka ce ka saka? Wasu wannan kaɗai ke hana su sayensa, kuma gaskiya su faɗa wa kansu tun wuri cewa sauti suke nema, ba laifi ba ne amma a san me ake saye.

Na tsakiya shi ne 212/218 a LSA 112 ko kusa da haka, wanda kamfanoni irin su Texas Speed da BTR ke kira mataki na biyu na pikop, kuma shi ne aka fi saye. A 5.3 yana iya ƙara doki kusan arba'in a sama in an yi saiti mai kyau, silo yana ɗan rawa kaɗan yadda mai kunne zai ji, kuma yana zama da konbatar asali. Sai dai a ƙasa da 2000 yana ɗan cin bashi, wato wajen tashi daga tsaye da kaya za ka ji motar ta ɗan yi nauyin jiki fiye da da, sai ta haura 2500 zuwa 3000 ta biya ka da riba. In bak-aksil ɗinka 3.73 ne ko 4.10, ko kana da giya shida 6L80 wadda giyarta ta ɗaya 4.03 ce maimakon 3.06, wannan bashin ba za ka ma lura da shi ba. In kuwa 3.08 ne ko 3.42 da giya huɗu kuma ka ɗora manyan tayu inci 33, to za ka lura, kullum ma kuwa. A ganina wannan ajin shi ne iyakar mai 5.3 da ke jan abin da bai wuce tan ɗaya da rabi zuwa biyu ba jefi-jefi.

Akwai wani salo da ya shigo wanda ya ɗan rikita lissafin, a bar tsawon a 212 amma a matse LSA ya dawo 107 ko 108, wanda aka fi sani a ciki shi ne Truck Norris na BTR, 212 a shiga, ɗagawa .552, LSA 107. Dabarar ita ce matse LSA yana jawo rufewar bawul ɗin shiga baya zuwa wajen digiri 33, kusa da na ƙaramin aji ke nan, don haka ƙarfin tsakiya yana zuwa da wuri, sannan yana ƙara lokacin da bawul biyu ke buɗe tare wanda shi ne ke kawo rugugin nan. Lissafinsa ba wuya, haɗa tsawon biyu ka raba biyu ka cire LSA sau biyu. Na kamfani yana ba ka wajen 37 ƙasa da sifili, 212/218 a 112 yana ba ka 9 ƙasa da sifili, mai 107 kuwa ya tsallaka sifili kaɗan. Wato ga sauti ga ja, shi ya sa samari ke sonsa. Amma ba kyauta ba ne, silo ɗinsa yana da gardama, yana buƙatar mai saiti da ya san aikinsa, yana shan mai a tirafik fiye da mai faɗin LSA, hayaƙinsa na warin ɗanyen fetur, kuma da yake yana riƙe matsi sosai a ƙasa ya fi saurin ƙwanƙwasa in man ba shi da kyau. Wanda ya nace sai ya ji rugugi kuma yana jan kaya, nan zan tura shi, ba babban aji ba.

Babban ajin kuwa, 224 zuwa 230 da abin da ya yi sama, na motar tsere ne ko ta yawon Lahadi. Bari in nuna maka yadda yake a zahiri. Kana Anloga Junction ƙarfe biyar na yamma, esi a kunne, giya a D, ƙafarka a birki, allurar juyi tana hawa 900 tana faɗowa 600 tana sake hawa, duk hawan da ta yi motar sai ta ɗan zabura gaba kamar za ta sumbaci bayan tro-tron da ke gabanka, kai kuma kana ƙara danne birki, birkin kuma ya fara tauri saboda bustarsa da zuƙar iskar inji take aiki kuma babban kam yana rage wannan zuƙar a silo. Danna ɗaya lafiya, na biyu da ɗan tauri, na uku a jere sai ka ji kamar katako kake takawa. Yanzu ƙara tan biyu a bayanka da ke turo ka. Fanka ta kunna ko ka murɗa sitiyari har ƙarshe, inji ya mutu a tsakiyar mahaɗa, masu aboboya na ta maka hon. Manyan 2500HD su birkinsu da man fawa-sitiyari yake aiki don haka wannan matsalar birkin ba ta same su ba, amma sauran duk suna nan.

Maganin da ake ba mai babban kam shi ne ya canza konbata zuwa mai sakin jiki, wadda ke barin inji ya haura 2800 ko 3200 kafin ta kama sosai, ta kamfani kuwa ƙasa da 2000 take kamawa. Eh tana gyara zaburar nan kuma tashi ya yi daɗi in ba kaya. Amma konbata mai sakin jiki zamewa take yi, zamewa kuma zafi ne, zafin nan man giyabos yake shiga. A buɗaɗɗiyar hanya in ta kulle ba matsala, a kan tudu ko a cunkoso ko kana ja da baya da tirela a lungun Aboabo kuwa ba ta kulle ba, tana ta dafa mai. Man giya yana son zama wajen digiri 80 zuwa 95, in ya haura 110 ya zauna a can ya fara lalacewa, ga zafin garinmu na watan Fabrairu da Maris tun kafin ka tayar da mota an riga an ba shi fanko. Kuma 4L60E dama an san ta, kulocin giya ta uku da ta huɗu ne ke fara ƙonewa. Wanda ya taɓa buɗe sandar awon man giya ya ga jan man ya koma ruwan ƙasa yana ƙauri ya san kuɗin da ke tafe. Don haka ko wane kam ka zaɓa, har wanda bai canza komai ba, in kana ja ka saka ƙarin kula ta man giya a gaban lagireto, araha ce in ka gwada da sauke giyabos, kuma ka rinƙa danna maɓallin jan kaya da ke bakin sandar giya.

Girman inji ma yana sauya komai, kam ɗaya ba hali ɗaya yake yi a ko'ina ba. 212 a cikin 6.0 lafiyayyen kam ne mai sanyin hali don injin yana da faɗin cikin da zai shanye shi, mai 6.0 har 216 ko 218 zai iya leƙawa ya ci gaba da jan kayansa. Shi ɗin dai a 4.8 ya zama babba, 4.8 dama ba shi da ƙarfin ƙasa sosai sai an murza shi, in ka ƙara masa jinkirin rufewa sai ya zama sai ka taka kamar kana faɗa da shi. Mai 4.8 ya tsaya a 204 zuwa 206.

Sai kuɗin da ba a rubutawa a talla. Kam ɗin kansa dala ɗari uku zuwa biyar ne, shi ne ma mai arahar. Sifirin ɗin bawul na pikop ba a yi su don ɗagawar .550 ba, dole a canza, irin na injin LS6 suna ɗaukar wajen .550 kuma suna daɗewa, in ka je .600 sai masu ƙarfi biyu-biyu waɗanda ke gajiya da wuri kuma suna wahalar da sauran kayan sama, ga shi kan injin pikop na asali ba ya wani ƙara shan iska bayan .550, don haka ni ban ga ribar .600 a motar aiki ba. A auna tsawon sandunan tura bawul, na asali 7.400 ne amma kar a ɗauka, a auna. Kusoshin fulin gaba sau ɗaya ake ɗaure shi, sabo za a saka. Tunda an buɗe gaba a duba sarkar taimin da famfon mai. A LM7 fita mai hannu zai zare kam ba tare da ya sauke kan inji ba. A masu kashe silinda na 2007 zuwa sama kuwa dole a sauke kai biyun, a fitar da liftocin nan na musamman a saka na gama-gari goma sha shida, a canza murfin tsakiya, sabbin gaskit da kusoshi, a kashe tsarin a kwamfuta, daga 2010 kuma akwai VVT, tsarin da kwamfuta ke juya lokacin kam da kanta, ko ka sayi kam da aka yi don shi ko ka cire shi gaba ɗaya. Ni da za a bar mini zaɓi a motar kaya barin VVT zan yi a wurinsa, don shi ne ke ba ka rufewa da wuri a ƙasa da jinkiri a sama. Ram ma haka, Hemi na da nasa tsarin kashe silindar da suke kira MDS. Haɗa jirgi da kuɗin kwastan a kai, za ka ga kuɗin kam ya ninka sau uku ko huɗu kafin mota ta tashi. Kuma a kula da liftocin jabu da suka cika intanet a cikin kwali mai kama da na asali, araha ba ta ado, lifta ɗaya ta ci ƙulli ɗaya shi ke nan an koma farko.

A nan ne ma nake ganin lokacin da canza kam ya fi ma'ana. In liftar motarka ta riga ta fara ƙara tak-tak-tak ta cinye kam, wanda ciwo ne sananne a masu AFM da kuma Hemi, to dama za a buɗe, dama za a sayi kam, bambancin kuɗin na kamfani da ɗan ƙaramin na ƙarin ƙarfi kaɗan ne. Amma inji lafiyayye yana aikinsa a farke shi saboda sauti, sai ka yi tunani sau biyu.

Saitin kontrol bod ba zaɓi ba ne. Kwamfutar motar tana lissafi ne da iskar tsohon kam, in ba a gaya mata an canza ba za ta rinƙa mutuwa a silo, ta kunna wutar cek-injin tana cewa silinda na fashi, giya ta rinƙa shiga ba a kan lokaci ba. A Suame Magazine, unguwar makanikai, akwai mastocin da za su sauke maka inji su mayar ido rufe, wannan ba a magana, amma saiti da kwamfuta irin HP Tuners wani fanni ne daban, nemo wanda zai yi maka tun kafin ka tura kuɗin oda, ko a Accra ne ko wanda zai yi daga waje kana tura masa bayanan tafiya yana gyarawa yana dawo maka da shi. Kuma ka gaya masa man da kake sha. Lambar da Amurkawa ke rubutawa a famfo ba irin tamu ba ce, 87 ɗinsu shi ne wajen 91 namu, 95 namu kuma bai kai 93 ɗinsu ba, wajen 90 zuwa 91 yake a ma'auninsu. In mai saiti ya ɗauka 93 ɗinsu kake zubawa ya ƙara wuta da wuri, ranar da ka wuce Kintampo ka sha abin da ka samu a ƙaramin gidan mai ga kaya ga rana, fistin ne zai biya. Ka ce ya yi maka saitin 91 namu, dokin da za ka rasa kaɗan ne.

Wani masta da ke gyaran irin motocin nan, dattijo ne ba ya son doguwar magana, wani yaro ya zo masa da hoton kam a waya yana cewa Masta wannan fa doki sittin yake ƙarawa. Ko kallon wayar bai yi ba ya ce, ɗana je ka karanto mini lambar bak-aksil ɗinka tukuna. Kuma gaskiyarsa, don babban abokin takarar kam wajen jan kaya ba wani kam ba ne, haƙoran bak-aksil ne. Daga 3.42 zuwa 3.73 ƙarin kashi 9 cikin ɗari ne na ƙarfin da ke isa taya, zuwa 4.10 kuma kashi 20, a kowace giya, tun daga tsaye, ba rawar silo ba taurin birki, giyabos ma hutawa take yi. Ba kam ɗin da zai ba ka kashi 20 a juyi 1800, babu shi kuraa. Abin da za ka biya shi ne inji zai ɗan ƙara juyi a doguwar hanya, a gyara ma'aunin gudu a kwamfuta, in motar mai jan ƙafa huɗu ce kuma gaba da baya za a canza tare, kuɗi biyu ke nan. Wanda ya saka tayu inci 35 ya sani ya riga ya zubar da kusan kashi 10 tun kafin a zo maganar kam.

Masu neman na hannu a Magazine ko Abossey Okai, wani lokaci ana dacewa da kam ɗin LQ4 na 2001 zuwa sama, wajen 196/207 yake, ya ɗan fi na tsohon 5.3 kuma yana zama da sifirin na asali, sai dai ƙarin kaɗan ne, sai in dama injin a buɗe yake. Ka wanke shi da fetur ka fito da shi rana, ka bi kowane ƙulli da farce, in farcenka ya maƙale a wani ɗan rami ko ka ga layi mai duhu ya bi tsakiyar ƙullin kamar an kankare, ajiye musu kayansu. Ka kuma duba gabansa, tsofaffin kusoshi uku ne, sababbin masu AFM ƙusa ɗaya, kuma inda sensa ke karantawa ya bambanta, na da a bayan inji, sababbin a gabansa, in an haɗa ba daidai ba mota ba za ta tashi da daɗi ba.

To in ka ce in zaɓa maka. Mai 4.8, ko mai 5.3 da giya huɗu da 3.42 ko ƙasa, ko duk wanda tirelarsa ke haura tan biyu ko yake hawa Kwahu da Aburi da ita: 204 zuwa 208, ɗagawa kar ta wuce .550, LSA 110 zuwa 112, konbatar asali, kuma in kuɗin na abu ɗaya ne a fara da bak-aksil da kular giya. Mai 5.3 da 3.73 ko giya shida mai jan abu mara nauyi sosai: 212/218, in kunnensa na ƙaiƙayi ya ɗauki mai matsattsen LSA ya yarda da shan man. Mai 6.0: 212 zuwa 218. Abin da ya kai 224 kuwa sai in akwai wata motar da za ta rinƙa jan tirelar.

In an gama aiki kar ka karɓi mota saboda ta yi daɗi daga Suame zuwa Sofoline ba kaya. Ɗaura tirelar da nauyin da ka saba, da tsakar rana, esi a kunne, mai saiti ko yaronsa a gefenka da na'ura a jone, ku nufi hanyar Mampong inda take hawa. Abu biyu za ku zuba wa ido, zafin man giya da kuma ko kwamfuta na janye wuta saboda ƙwanƙwasa, in tana janyewa digiri uku huɗu duk sanda ka taka a 2000 zuwa 3000 to a rage a wannan wurin a sake hawa. A dawowa ku tsaya a gangara ku danna birki sau uku a jere inji na silo ku ji ko na ukun ya yi tauri.